Shekara 40 Ina Shan Taba: Ko Barinta Yanzu Ihu Bayan Hari Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ni tela ne a Fagge, shekaruna 59, kuma tun ina yaron shago na fara zuƙar taba sigari. Yau kimanin shekara 40 ke nan, kuma a yawancin waɗannan shekaru kwali guda nake ƙararwa a wuni. Daga hunturun bara zuwa yanzu tari ya zauna mini, musamman da asuba, sai na yi ta kaki kafin ƙirjina ya washe, kuma benen shagonmu da a da nake hayewa a guje, yanzu sai na tsaya a tsakiya na huta saboda haki.

Na yi yunƙurin bari ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Akwai azumin da na ɗaura niyya na daina har na kai goman ƙarshe, amma da ɗinkin sallah ya taso muka shiga kwana a shago, sai ga ni tsaye gaban mai tebur da tsakar dare ina cewa a ba ni kara ɗaya, daga nan kuwa komai ya dawo sabo. Iyalina sun yi magana har sun gaji, malamin unguwarmu ya yi mini nasiha, ni kaina nakan ji kunya idan jikokina suka hau cinyata suna jin wari a rigata. Wani abokina kuwa cewa ya yi in daina wahalar da kaina, domin aikin gama ya riga ya gama, kuma wai kakansa ya sha taba har ya haura shekara 90 lafiyarsa lau. Ina so in san abin da taba ta riga ta yi mini, da kuma ko barinta a irin shekaruna yana da amfani, ko ihu bayan hari ne. Idan da amfani, ta yaya zan bari ban koma ba?

Daga wani mai karatu, Fagge, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Da amfani, kuma amfanin ba ƙarami ba ne, amma kafin mu zo ga maganar bari akwai abin da ya fi gaggawa, wato a duba ƙirjinka a cikin wannan makon. Duk tarin da ya wuce mako 2 ya cancanci gwajin tarin fuka, naka kuwa ya yi watanni, kuma mai shan taba ya fi wanda ba ya sha saurin kamuwa da wannan cuta da kusan ninki biyu. Asibitin Zana ba shi da nisa da kai, kuma gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta keɓe. Ka nemi a ɗauki hoton ƙirjinka, a auna hawan jini da sukari, sannan a tura ka babban asibiti irin na Murtala ko na Koyarwa na Malam Aminu Kano domin gwajin busa, wanda ake ba mutum bututu ya hura iya ƙarfinsa a ga yawan iskar da huhunsa ke iya fitarwa. Idan kuwa ka taɓa ganin jini a kakinka, ko kana ramewa babu dalili, ko muryarka ta dishe tsawon makonni, ko ƙirjinka yana ɗaurewa idan ka yi tafiya, to kada ma ka jira gobe. Roƙona gare ka shi ne ka daina sayen maganin tari a kemis kana danne abin, domin da yawa daga cikin waɗanda suke isa asibiti a makare ta wannan hanya suka ɓata watannin da suka fi tsada.

Ba a gane cuta ta wasiƙa, amma abin da ka bayyana ya yi kama ƙwarai da cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD. Hanyoyin iska na huhu suna da wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, waɗanda aikinsu shi ne turo majina da ƙura sama ba dare ba rana. Hayaƙin taba yana kashe musu jiki, sannan yana sa hanyoyin su kumbura su riƙa fitar da majina fiye da kima, sai ta taru cikin dare, shi ya sa kake wayar gari da kakin asuba. A can ƙarshen hanyoyin kuma akwai ɗaruruwan miliyoyin ƙananan jakunkunan iska, inda jini ke karɓar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Shekara da shekaru ana tura musu hayaƙi sai bangonsu ya yayyage su rasa ƙarfin tsukewa, kamar robar wando da ta saki, wadda kai tela ka fi kowa sanin ba ta komawa yadda take. Iska takan shiga ta kasa fita gaba ɗaya, sai mutum ya ji ƙirjinsa a cike amma numfashi bai ishe shi ba. Hakin da ke tsayar da kai a tsakiyar bene mai yiwuwa daga nan yake, ko da yake ciwon zuciya ma yana kawo irinsa, shi ya sa gwaji ya zama dole.

Gaskiya ce mai ɗaci cewa abin da ya lalace a wannan ɓangare ba ya dawowa. Sai dai ƙarfin huhun kowane mutum yana raguwa a hankali da zarar ya manyanta, na mai shan taba da cutar ta kama kuwa yana raguwa ne da gaggawa, kuma ranar da ya daina saurin yana sassautawa har ya kusanci na sauran mutane. Abin da ake ceto shi ne ragowar huhun da kake da shi yau, kuma wannan ragowa ita ce bambanci tsakanin dattijon da yake taka ƙafarsa zuwa masallaci yana da shekara 70, da wanda ko alwala ya yi sai ya zauna ya mayar da numfashi.

Mutane sun fi danganta taba da huhu, alhali ɓarnarta a jijiyoyin jini ba ta gaza wannan ba. A cikin hayaƙinta akwai sinadarai fiye da 7,000, kuma kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa sankara. Akwai iskar kabon monoksaid, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, wadda ta fi iskar numfashi kama jini da fiye da ninki 200, sai jinin mai shan taba ya riƙa ɗaukar iska ƙasa da yadda ya kamata, zuciya kuma tana ƙara wahala. Bangon jijiyoyi yakan yi kauri ya ƙuntata, jini ya yi saurin daskarewa, daga nan ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke zuwa, sau da yawa ba tare da wani gargaɗi ba. Mai shan taba ya fi saurin kamuwa da ciwon suga da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, idan kuwa suga da taba suka haɗu a jiki ɗaya, ƙafa ce ta fi shiga haɗari, domin ƙaramin rauni yana iya ƙin warkewa har ya kai ga yanka. Toshewar jijiyoyin nan ita ce kuma ke kawo wa maza da yawa rauni a shimfiɗar aure, su yi ta neman magani wurin masu talla a mota ba su san inda matsalar take ba. Taba tana gaggauta yanar ido, abin da ya kamata ya dami duk wanda abincinsa ke kan zura zare a allura. Sankarar huhu kuwa, haɗarinta ga mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha sau 15 zuwa 30, ban da ta baki, da maƙogwaro, da hanyar abinci, da mafitsara.

Labarin kakan abokinka yana iya zama gaskiya ne, domin ba kowane mai shan taba ne take kashewa ba. Amma abokin naka bai lissafa maka sa'o'in kakan nasa da suka rasu suna da shekara 50 ko 60 ba, waɗanda aka ce da su ciwon ƙirji ne ko hawan jini, aka yi ta'aziyya aka watse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe har rabin waɗanda suka ci gaba da shanta ba su daina ba, kuma tana cin rayuka fiye da miliyan 7 a kowace shekara. Ajali na Allah ne, babu Musulmin da ke jayayya da wannan, amma an umurce mu da riƙo da sababi, kuma abokin naka ba zai tsaya tsakiyar titin Zariya da la'asar ya ce ajali bai yi ba.

Amsa mafi ƙarfi ga tambayarka ta fito ne daga wani dogon bincike da Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara a Birtaniya a 1951, inda aka bi rayuwar likitoci maza fiye da 34,000 har tsawon shekara 50, aka fitar da sakamakon ƙarshe a 2004. An gano cewa wanda ya sha taba duk rayuwarsa yana rasa kimanin shekara 10 idan aka kwatanta shi da wanda bai sha ba, amma wanda ya daina yana da shekara 30 ya ceto kusan duka goman, mai shekara 40 ya ceto kimanin 9, mai 50 ya ceto 6, wanda kuma ya daina yana da shekara 60, wato sa'anka, ya ceto kimanin shekara 3. Wannan lissafin tsawon rai ne kawai, bai haɗa da lafiyar da za a yi shekarun da ita ba. Cikin awa 12 da zuƙar ƙarshe gubar iskar nan ta jini tana sauka, cikin watanni tari da haki sukan ragu, bayan shekara guda ƙarin haɗarin ciwon zuciya yakan sauko kusan rabi, bayan shekara 10 kuma haɗarin sankarar huhu ya zama kusan rabin na wanda ya ci gaba da sha.

Yanzu sai dalilin da ya sa abin ya gagare ka, kuma ina so ka karanta wannan da kyau, domin daga wasiƙarka na fahimci ka fara yanke wa kanka hukuncin cewa kai mai raunin zuciya ne. Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa, ya sa ta saki abin da ke kawo jin daɗi da nutsuwa. Idan an daɗe ana haka ƙwaƙwalwa takan sauya tsarinta, ta ƙara yawan wuraren da ke karɓar sinadarin, har ta kai ba ta daidaita sai da shi. Ba ya kuma daɗewa a jini, cikin kamar awa 2 rabinsa ya tafi, sai ƙunci da rashin sukuni su taso, mutum ya kunna wani karan ya ji sauƙi, ya ɗauka taba ce ke kwantar masa da hankali, alhali ƙuncin da ita ta haifar ne ta ɗan ɗage masa. Kwali guda kara 20 ne, idan aka ƙiyasta zuƙa 10 a kowane kara, sau 200 ke nan a wuni, sau 73,000 a shekara, kusan sau miliyan 3 a shekara 40. Babu wani abu da hannunka ya kai bakinka sau da yawa haka, kuma kowace zuƙa ta ɗauru da wani abu na rayuwarka: shayin safe, gama cin abinci, tashi daga kan keke a miƙe baya, hirar majalisa, ɓacin ran mai kayan da ya zo bai tarar da ɗinkinsa ba. Shi ya sa cikin mutum 100 da suka yi yunƙurin bari da niyya kaɗai, babu magani babu mai taimako, 3 zuwa 5 ne kawai suke kai shekara ba su koma ba, kuma yawancin waɗanda ka ga sun rabu da ita sai da suka faɗi suka tashi sau da dama.

Dubi daren da ka koma. Ka yi kwanaki ba ka samu isasshen barci ba, aiki ya yi maka yawa, masu kaya suna matsa lamba, wataƙila wani a shagon yana busawa kusa da kai, ga mai tebur a bakin layi da zai sayar maka da kara ɗaya da ɗan canjin aljihunka. Dokar hana yaɗuwar taba ta ƙasa ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta kuma haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma duk mai zagaya Kano ya san ba a bin ta, kuma a ganina wannan sakaci yana cikin abin da ya fi cutar da masu son bari da kuma yaran shago masu farawa. Kwana 20 da ka yi ba ka sha ba hujja ce cewa za ka iya. Abin da ka rasa shi ne shiri domin daren da ka san zai zo.

Saboda haka ka tsayar da rana cikin mako 2 masu zuwa, a lokacin da aiki ya lafa, ba gab da sallah ko tsakiyar bukukuwa ba, kuma ranar ka daina gaba ɗaya. Ragewa zuwa kara 2 ko 3 ba mafita ba ce, domin wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa mai shan kara ɗaya a wuni yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20, ga shi kuma mai ragewa yakan ƙara zurfin zuƙa bai sani ba. Ka sanar da iyalinka da abokan aikinka ranar, ka hana kowa kunna taba a shagon, kuma ka je da kanka wurin mai teburin da ka saba, ka biya shi in akwai bashi, ka roƙe shi kada ya ƙara sayar maka ko da ka matsa. Za ka ji nauyin faɗin haka, amma jin nauyin nan shi zai tare ka ranar da ƙafarka ta nufi wurinsa.

Ka kuma nemi likitan da ya duba ka ya rubuta maka maganin taimako, domin magani tare da shawarar ma'aikacin lafiya yana ninka damar yin nasara fiye da sau 2. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar jinyar masu son barin taba, ta amince da maye gurbin nikotin, da ƙwayoyin vareniklin, bufrofiyon da sitisin. Maye gurbin nikotin, wato ba jiki nikotin ba tare da hayaƙi ba, yana zuwa a filastar da ake liƙawa a fata da kuma cingam, kuma haɗa su biyun ya fi amfani ga mai shan kwali guda. Kada ka ji tsoron cewa nikotin ɗin ne dai, domin abin da ke kawo sankara da lalata huhu yana cikin hayaƙi da kwaltar da ke tare da shi. Cingam ɗin ba a tauna shi kamar na yara: a tauna a hankali har a ji ɗan yaji, a ajiye shi tsakanin kumatu da dasashi, in yajin ya tafi a sake taunawa, kuma ana ɗaukar mako 8 zuwa 12 ana ragewa. Ba kowane kemis ke da su ba, sai manyan shagunan magani, kuma kada ka sha ƙwayoyin ba da sanin likita ba, musamman bufrofiyon wanda bai dace da mai farfaɗiya ba. In an tura ka sashen lafiyar ƙwaƙwalwa kada ka ɗauka an ce ka taɓu, su ne masu ƙwarewa a kan duk abin da jiki ya kamu da shi.

Kwana 3 na farko zuwa mako guda su ne mafi wuya. Za ka ji saurin fushi, da rashin barci, da yunwa, da taurin bayan gida, tari ma yana iya ƙaruwa na ɗan lokaci saboda gasun nan sun farfaɗo suna share abin da ya taru, amma yawancin wannan yana lafawa cikin mako 2 zuwa 4. Sha'awar kanta idan ta taso mintoci kaɗan take yi ta wuce, ko an sha ko ba a sha ba, don haka ka tanadi abin da za ka yi a mintocin: ka sa aswaki a baki, ka sha ruwa, ka tashi ka yi alwala, ka zagaya layi ka dawo. Ka yi hattara da goro da shayi mai kauri, waɗanda masu bari suka fi komawa gare su, domin jikin mai shan taba yana saurin narkar da sinadarin da ke hana barci a cikinsu, da ya daina kuwa sai sinadarin ya daɗe a jini, ya ƙara masa faɗuwar gaba da rashin barci ya ɗauka rashin taba ne. Ka rage su zuwa rabin abin da ka saba. Ka fitar da dutsen guga na gawayi da janareta waje, ka rufe hanci idan hazon hunturu ya sauko. Idan kuma wata rana ka zame ka sha kara ɗaya, ka jefar da saura a take ka ci gaba da ƙirga kwanakinka, ka koma wurin likita a duba abin da ya jawo.

TAMBAYA

Likita, maigidana yana shan taba a cikin ɗaki, muna da jaririya 'yar wata 8 da yaro mai asma. Idan na yi magana sai ya ce ai ya buɗe taga, kwanan nan kuma ya ce zai koma shisha ko taba gari tunda sun fi sauƙi. Shin haka ne?

Daga wata mai karatu, Kurna, Kano

AMSA

'Yar'uwa, ba haka ba ne. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya fitar da gubar, domin tana daɗewa a iskar ɗaki tana kuma maƙalewa a labule da katifa da tufafi. Fiye da mutum miliyan 1 ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin da wasu suka busa, kuma tun 1981 wani bincike a Japan ya nuna cewa matan da ba sa shan taba amma mazajensu na sha sun fi kamuwa da sankarar huhu. Ga jarirai kuwa yana jawo ciwon haƙarƙari, da ciwon kunne, da ƙarin haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci, ga mai asma kuma yana tayar da ciwon ya ƙara masa tsanani. Ruwan tukunyar shisha sanyaya hayaƙi yake yi ba tace shi ba, gawayin da ke kanta yana ƙara gubar iska, kuma zama guda yana iya kai awa ana zuƙa. Taba gari ba ta da hayaƙi, amma tana ɗauke da nikotin da sinadaran da ke haddasa sankarar baki, don haka sauya kamu ne kawai.

Abin da za ki nema yanzu shi ne a fitar da hayaƙin daga gidan baki ɗaya, ko da bai shirya bari ba, ya riƙa sha a waje nesa da ƙofa da taga, ya wanke hannu da baki ya sauya riga kafin ya ɗauki jaririyar. Ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi, ba lokacin da taba ke hannunsa ba, ki ɗora maganar a kan numfashin yaran maimakon halinsa, domin gori da faɗa sun fi sa mai shan taba ɓoyewa fiye da bari. Ranar da za a mayar da yaron asibiti ki roƙe shi ya raka ku, ki gaya wa likita a gabansa cewa ana shan taba a gida, domin ya ji bayanin daga bakin likita, kuma a nan take a tambaye shi ko yana son taimakon bari. Idan hakan ya faskara, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, kamar mahaifiyarsa ko yayansa, ya yi masa maganar.